Babu Wata Aba Wai Ita "Fri Biza"

Shekarata goma sha uku ina haɗa wa masu zuwa aiki ƙasashen Larabawa takardu, a wani kamfani mai lasisi a nan Kano. Da ina tsammanin babu sauran abin da zai ba ni mamaki a sana'ar nan. Sai ga shi ranar Talatar da ta wuce wata dattijuwa ta sa na kasa cin abincin dare.

Da la'asar sakaliya ta shigo, ɗanta na biye da ita, hannunsa na dama a cikin aljihu. Sai da ya zauna na gane shi. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da ya zo wurina. Mai walda ne, kuma ya iya, don ƙofar gidan wani maƙwabcina shi ya ƙera ta. Ya ce Saudiyya yake so. Na gaya masa a lokacin babu kamfanin da ya aiko mana yana neman masu walda. Na ce ya bar lambarsa, ya je ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ya karɓi takardarsa ya ajiye. Ya ce, "Yallaɓai, zuwa yaushe ke nan?" Na ce ba zan sa masa ranar ƙarya ba. Ya yi godiya ya fita.

Ashe daga wurina bai zame ko'ina ba sai wajen wani ejan, irin waɗanda ofishinsu bai wuce waya da jakar hannu ba. Shi kuwa ya sa masa rana. Ya ce sati uku, fri biza, babu kafilin da zai takura maka, ka yi aiki inda ka ga dama, kuɗinka naka ne. Naira miliyan uku da rabi. Aka sayar da filin da uwar ta gada a wajen mahaifinta, bai isa ba, aka haɗa da injin waldarsa da janareta. Ku duba fa, mutum zai tafi aikin walda, abin da ya fara rabuwa da shi injin walda.

Uwar ta kwance wata leda ta miƙo mini kwafin bizar. Idona bai tsaya ko'ina ba sai gurbin sana'a. An rubuta ra'i. Makiyayi. Kafilin kuma, wato wanda ya ɗauki nauyin bizar, mutum ɗaya ne, ba kamfani ba. Na ce masa, "Ka ga wannan kafin ka tafi?" Ya ce ya gani, amma ejan ya ce wannan cike gurbi ne kawai. A nan ne raina ya fara ɓaci. A Kano, inda ba ka wuce lungu biyu ba ka ji karatun Islamiyya ba, a ce an rasa wanda za a kai wa takarda ya karanta kalma ɗaya ta Larabci ya faɗi abin da take nufi! Ba a rasa ba, ba a dai so a ji ne.

Ya sauka Jidda, wani ɗan tsakani ya tarbe shi, ya karɓe fasfonsa wai za a yi masa iƙama, wato katin izinin zama. Iƙamar ta fito, fasfon bai dawo ba. Kafilin kuwa har yau bai san kamanninsa ba, suna ne a jikin kati. Aka sama masa aiki a wani garejin walda a bayan gari, da sharaɗin kowane wata zai ba ɗan tsakanin riyal ɗari uku, rabon kafili. Shekarar farko abin ya yi kamar zai yi daɗi. Ya aiko da kuɗi sau huɗu, ya aiko wa uwar da waya, ana ta sa masa albarka a unguwa. Hotonsa da jallabiya a gaban Harami ya fi duk wata talla da ejan nan zai iya yi wa kansa.

Da lokacin sabunta iƙama ya zo aka yanka masa kuɗin da sai ya haɗa albashin wata huɗu kafin ya biya. Yana cikin tarawa injin yankan ƙarfe ya cire masa yatsu biyu. Mai garejin ya kai shi wani ƙaramin asibiti aka ɗinke, ya ce ya huta a gida, daga nan ya daina ɗaga wayarsa, da albashin wata uku a hannunsa. Ina zai kai ƙara? A takarda shi makiyayin wani ne a wani gari, garejin nan bai taɓa saninsa ba. Wata uku bai biya rabon kafili ba, kafili ya buga masa hurub, wato ya kai rahoton cewa ya gudu. Bai ma sani ba, sai ranar da askarawa suka tare motar da yake ciki suka duba lambar iƙamarsa.

Daga nan sai Shumaisi, gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida. Ya daɗe a tarhil fiye da waɗanda aka kama su tare, saboda babu fasfo, sai da ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda ya yi masa takardar dawowa ta gaggawa. Aka ɗauki hoton yatsunsa, waɗanda suka rage. Ya sauka filin jirgin Malam Aminu Kano da silifa da leda ɗaya.

Duk wannan na saurare shi da tausayi, don ba shi ne na farko ba. Na ɗauka sun zo ne in nuna musu hanyar ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, su kai ƙarar ejan. Har na jawo takarda zan rubuta musu abin da za su tafi da shi. Sai uwar ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, ba wannan ya kawo mu ba. An ce ku kun san hanya. So muke a yi masa sabon fasfo da wani suna ya koma, ko ya mayar da abin da aka kashe." Na ce, "Hajiya, wa ya ce miki ana yin haka?" Ta ce ejan ɗin ne, ya ce zai yi amma kuɗinsa da yawa, shi ya sa suka zo su ji ko namu ya fi sauƙi. Kafin in rufe baki ta ƙara da cewa ƙaninsa ma ya ba da rabin kuɗi, shi yana jiran tasa bizar. A wurin mutumin nan dai.

Na ajiye biro. Na ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri, kin haife ni, amma yau sai na faɗa miki magana mai ɗaci. Za a iya sauya suna a takarda. Yatsa ba ya sauyawa. Ranar da ya ɗora hannu a na'urar jawazat, wato jami'an shige da fice, sunansa na farko ne zai fito, kuma wannan karon ba tarhil kaɗai ba ne, laifin takardun jabu ne." Ban ma shiga maganar lambar NIN da ke manne da fasfonsa a nan gida ba. Ta yi shiru. Shi kuwa tun da muka fara bai ɗago kai ba.

To jama'a, ga maganar a taƙaice. Babu fri biza. Babu ita a dokar Saudiyya, ba a taɓa yin ta ba. Kowace bizar aiki da sunan kafilinta. Sashe na 39 na dokar ƙwadagonsu ya hana ka yi wa wani aiki ban da wanda ya kawo ka, ya hana ka yi wa kanka. Wanda ya sayar maka da fri biza laifi ya sayar maka, kai ne kuma za ka ɗauka.

Sana'ar da ke jikin bizarka ita ce kai. In an rubuta makiyayi, kai makiyayi ne ko da digiri uku gare ka. Masu cewa ai an soke tsarin kafala su je su sake tambaya. Sassaucin da ya fara aiki a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki da fita daga ƙasar ba sai da sa hannun kafili ba, bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da masu gadin gida da manoma da makiyaya ba. Su kuwa ejan-ejan ɗin nan bizar waɗannan rukunan suka fi samu da araha, ita suke liƙa wa tela da makaniki da mai walda. Ku karanta gurbin sana'a. In ba ku iya ba, ku ba wani ya karanta muku.

Wani abin da ke ƙona mini rai shi ne kuɗin. Sashe na 40 na dokar ƙwadagonsu ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama da na izinin aiki da sabunta su, har da tikitin komawa gida, a kan mai ɗaukar aiki. Amma in na faɗa wa mutum haka sai ya dube ni kamar ni ne ɗan damfarar, wai abin da babu tsada ba zai zama gaskiya ba. Ya fi yarda da wanda ya ce ya sayar da gona.

Bizar Umara ba ta aiki ba ce, ta ziyara ma haka, kar wani ya ce maka in ka isa za a juya ta. Kwantiragi kuma a gan shi tun a gida, da albashi da sunan mai aiki a rubuce. Ma'aikacin kamfani nasa yana shafin Qiwa, mai aikin gida nata ya bi ta shafin Musaned. Kar ka ba kowa fasfonka ya ajiye, ka ɗauki hotonsa ka bar wa na gida. Gwajin lafiya kar a saya maka sakamako, don za a sake shi a can.

Sannan ku tambayi lasisi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba kamfani izinin ɗaukar mutane aiki zuwa waje, takarda ce da ake rataye ta a bango. Mai sayar da tikitin jirgi daban, mai izinin kai ma'aikata daban. A shekara goma sha uku, waɗanda suka ce in nuna musu namu lasisin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Mutum zai yi awa guda yana ƙwanƙwasa tukunyar da zai saya a kasuwar Kurmi, amma ya tura miliyoyi asusun wanda bai ga lasisinsa ba, babu rasit, sai "Allah Ya sa a dace". Kuma in abin ya ɓaci a ce ƙaddara ce, a ƙi kai ƙara, wai ejan ɗan unguwa ne, ana jin kunyar iyayensa. Wannan kunyar ce jarinsa.

Ina sake faɗa, ku karanta gurbin sana'a. Ina kuma sake faɗa, babu fri biza.

Da za su tafi na rubuta wa Hajiya abin da za ta kai NAPTIP: kwafin bizar, shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin muryar da ejan ya riƙa aiko musu. Ta karɓa ta sa a ledarta, ba ta ce za ta je ba. Na roƙe ta ko ba ta yi komai ba ta hana ƙaramin cika sauran kuɗin. In akwai wanda ya san gidan da ake tara kuɗin fri biza a yanzu haka, don Allah ya karanta musu wannan tun ba su sayar da filin ba.