Yadda Ɗalibin Tuƙi Ke Sauke Ƙaramin Jirgin Sama Lafiya

Matashin Anka, Gummi ko Bukkuyum da ke burin zama matuƙin jirgin sama, makarantar da ta fi kusa da shi ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. A can aka daɗe ana koyar da ɗalibai da jiragen Tampico TB-9, daga baya aka kawo Diamond DA40. Kafin ya sami lasin na farko sai ya cika aƙalla awa 40 a sama, kuma babban kaso na awannin nan a maimaita abu ɗaya zai ƙare: sauka.

Dalili kuwa a fili yake. Nan ne jirgi ya fi kusa da ƙasa, gudunsa ya ragu, lokacin gyara kuskure kuma ƙanƙane ne. A watan Mayun 2025 wani jirgin horo samfurin Diamond ya kauce daga titi yana sauka a filin jirgin Ilorin, mutum 2 da ke ciki suka jikkata, hukumar binciken haɗurra ta NSIB ta shiga bincike. Ga matakan da malamai ke bi da ɗalibi don kada ya faɗa irin wannan.

Mataki na 1: Karanta iska da yanayi

Jirgi na sauka ne yana fuskantar iska. Ɗalibi zai ji bayanin hasumiya, ya kuma dubi zungureren ƙyallen da ke kaɗawa a gefen titi. Zariya na kan tudu, sama da mita 600 daga teku, kuma a zafin Afrilu iska kan yi sakayau, sai jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya tsaya. Da hunturu kuma hazo ke ɓoye titin.

Mataki na 2: Shirya jirgi tun a kewaye

Ana kewaya fili a tsayin ƙafa 1,000. Nan ɗalibi zai bi takardar dubawa layi-layi, da baki: mai, birki, bel, fitilu. Sai ya rage totur, ya sauke filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ke ba jirgi damar tafiya a hankali bai faɗi ba. A kwanar ƙarshe kada ya karkatar da jirgi fiye da digiri 30. Idan ya zarce saitin titi, kada ya danne fedar juya hanci don tilasta wa jirgi komawa, domin a wannan kwanar ce fiffike ke daina ɗaukar jirgi ya juya ya nufi ƙasa.

Mataki na 3: Daidaita gangara

Gudun gangarowa yana rubuce a littafin kowane jirgi, kusan ninki 1.3 na gudun da fiffike ke kasawa. Inda akwai fitilun jagora 4 a gefen titi, fari 2 da ja 2 na nufin jirgi na bisa hanya. Duka fari, ya yi sama da yawa. Duka ja, ya yi ƙasa ƙwarai. Kafin a sauko ƙafa 300, dole gudu, saiti da gangara su zauna daram.

Mataki na 4: Ɗaga hanci a taɓa ƙasa

Nan ne gumi ke karyo wa ɗalibi. Da jirgi ya kai kamar ƙafa 10 zuwa 20 bisa kwalta, sai ya mayar da totur baya, ya ɗauke ido daga gaban hanci ya jefa shi can ƙarshen titi, yana jan sandar tuƙi sannu-sannu. Tayoyin baya 2 ne za su fara taɓawa, ta gaba ta biyo. Idan iska na bugowa ta gefe, sai ya ɗan kwantar da fiffiken ɓangaren iskar, ya riƙe hanci a layin tsakiya da feda.

Ranar da malami ya fita ya bar shi shi kaɗai, jirgin ya rage nauyi, zai ɗan yi ta shawagi kafin ya zauna. Haƙuri ake yi da shi, ba a danna shi ƙasa.

Mataki na 5: Fasa sauka

Wannan matakin ne ke ceton rai. Jirgin da ya zo da gudu ya daki kwalta zai yi tsalle kamar ƙwallo. Ɗalibin da ya firgita ya tura sanda gaba, tayar gaba ce za ta sake dukan ƙasa, tsalle na biyu ya fi na farko, a na uku tayar na iya karyewa farfela ta sari titi. Maganin guda ne: ya ba da totur gaba ɗaya, ya riƙe hanci a matsayin hawa, ya janye filaf kaɗan-kaɗan, sannan ya sanar da hasumiya ya sake kewayowa. Kunyar kada a ce ya kasa ita ke sa ɗalibi nacewa, alhali matuƙan manyan jiragen fasinja ma suna fasa sauka.

Mataki na 6: Bayan an taɓa ƙasa

Aiki bai ƙare ba tukuna. Zai bi layin tsakiya, ya taka birki a hankali, kada ya taɓa wani maɓalli sai ya bar titi. Idan saukar ta yi ƙarfi, ko babu wanda ya gani, sai ya gaya wa malami ya kuma rubuta a littafin jirgi, injiniyoyi su duba ƙafafu da farfela kafin wani ɗalibin ya hau.