Yadda Likitoci Ke Ɗaure Karyayyen Wuya Da Sukuru

Bara da damina kawuna ya faɗo daga kan babbar mota, ya bugi ƙasa da ƙeya. Nan take hannunsa na dama ya mutu. Wasu suka ce a kira maɗori, amma Baba ya ƙi. Ya sa aka kwantar da shi a kan ƙyauren ƙofa, wani ya riƙe kansa kada ya motsa, har asibitin ƙashi. Ni na yi jinyarsa lokacin hutu, ga kuma abin da na koyo.

Wuyan mutum yana da gaɓoɓin ƙashi 7, bayan ƙirji kuma 12. Laka tana bi ta cikinsu kamar zare cikin tsakiya. Kawu ya karye ne a mahaɗar ta bakwai ta wuya da ta farko ta ƙirji. Wurin yana da wuyar sha'ani, domin wuya mai juyawa ne, bayan ƙirji kuwa haƙarƙari ya riƙe shi ƙam, sai nauyi ya taru a mahaɗar. Ko a hoton ƙashi ma kafaɗu kan rufe wurin.

Likita yakan tsaga ta ƙeya, ya ɗaura sukuru na ƙarfen taitaniyam, mai kaurin milimita 3.5 ko kusa da haka. Hanya ɗaya ita ce a sa shi cikin tudun ƙashin da ke gefen gaɓa, wadda wani likitan Faransa, Roy-Camille, ya shahara da ita. Amma a gaɓa ta bakwai tudun nan siriri ne, saboda haka sau da yawa akan bi ta ƴar gadar ƙashin da ke haɗa bayan gaɓa da gabanta. Dakta Abumi na Japan ya bayyana yin haka a wuya a 1994. Ta fi ƙarfin riƙo, ta kuma fi haɗari: in sukuru ya kauce ciki ya taɓa laka, a gaɓoɓin sama kuwa in ya kauce waje ya huda jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe ba ƙarfen ke warkarwa ba. Ana haɗa sukurorin da sanduna biyu, a ɗebo gutsattsarin ƙashi daga ƙugu a shimfiɗa, ƙarfen ya riƙe wurin na wasu watanni har ƙasusuwan su manne su zama ɗaya.

Yanzu kawu yana tafiya da ƙafarsa. Ƙananan yatsunsa biyu ne har yau ba su dawo sosai ba, da cokali yake cin tuwo.