Amsoshin Tambayoyinku: Sigari a Cikin Gida

 Masu saurare, yau sai ku yi mini afuwar doguwar gaisuwa, domin wasiƙu da saƙonnin waya sun yi tsibi a gabana. Na ware waɗanda suka shafi sigari na haɗa su wuri guda. Abin dariya, kusan kowa a cikinku ya rubuta "a sakaya sunana". To, na sakaya, garuruwanku kawai zan ambata.

Ta farko daga Funtuwa, wata baiwar Allah ce. Ta ce: "Maigidana a uwar ɗaka yake shan sigari, ga jaririnmu ɗan wata huɗu kullum cikin tari da mura. In na yi magana sai ya ce ai ya kunna fanka, ya buɗe taga. Amma da Baba ya zo daga ƙauye, har ya koma ban ga ko ashana a hannunsa ba, sai dai ya faki ido ya fita bayan layi."

Allah ya ba yaro lafiya. Kafin komai a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, tarin jariri ba abin wasa ba ne. Sannan ki dubi abin da kika rubuta da hannunki: ashe mutumin nan yana iya fita waje in ya ga dama. Haka muka ɗauki abin a ƙasar Hausa, sigari abin kunya ne a gaban na gaba. Za ka ga magidanci da furfurarsa, yana hango surukinsa ya karyo kwana, sai ya dunƙule karan a tafin hannu, wuta na cin sa, ya kai hannun baya, ya durƙusa yana "Baba, barka da yamma", hayaƙi na bulbulowa ta ƙarƙashin babbar riga. Ana gama gaisawa ya jefa Tom Tom a baki. Ban raina wannan kunya ba, tarbiyya ce. Amma surukin da ake ɓoye wa, minti biyu zai yi ya wuce abinsa. Wanda zai kwana ya tashi cikin hayaƙin, wanda ba shi da bakin cewa "Baba, a fita waje", shi ne ba a jin kunyarsa. Wannan shi ne abin da yake damuna a duk wasiƙun nan.

Likitoci suna cewa hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Jariri kuma ya fi babba saurin numfashi, saboda haka ya fi shi kwasa. Daga nan ake samun sanyin haƙarƙari, da asma, da ciwon kunne mai yawan dawowa, har da jaririn da za a kwantar lafiya lau a wayi gari babu rai. Mai juna biyu da ke zaune cikin hayaƙi kuwa takan haifi ɗa marar nauyi. Fanka ba ta fitar da komai, raba hayaƙin kawai take yi kowa ya samu, sauran kuma ya lafe a labule da katifa da zanin goyo.

Ke kanki ba ki tsira ba. A 1981 wani likita ɗan ƙasar Japan, Takeshi Hirayama, ya fitar da sakamakon bin diddigin matan aure sama da 90,000 waɗanda ba su shan taba. Ya tarar waɗanda mazansu ke sha sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu, kuma gwargwadon zuƙar miji, gwargwadon haɗarin matarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 duk shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu na wasu suka shaƙa.

Shawarata, kada ki fara da "sai ka daina", rigima kawai za a yi. Ki nemi abu biyu: ya riƙa fita waje, in ya dawo kuma ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya ɗauki yaro. Ki lallaɓa shi ya raka ki asibiti, ya ji daga bakin likita, don mu maza abin da matarmu ta faɗa sau goma ba mu ji ba, mai farar riga yana faɗa sau ɗaya sai mu kama gyaɗa kai. In abin ya faskara, ki sa yayarsa ko amininsa. Baba kuwa a ajiye shi sai an rasa yadda za a yi.

Sai wani magidanci daga Maraɗi. Ya ce ya tarar da kara biyu a aljihun ɗansa ɗan shekara 15, ya yi masa dukan kawo wuƙa, amma shi kansa ya fi shekara 20 yana sha. Yana tambaya, me zai yi?

Malam, na yaba da gaskiyarka, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bari in tambaye ka, wa kake aike wurin mai tebur? "Ungo, sayo mini kara biyu, canjin naka ne." Ko kuma, "Kai, je ka kicin ka kunno mini." To, duk mai sha ya sani, sigari ba ya kamawa da garwashi sai an ɗan ja. Yara da yawa a hanyar murhu zuwa zaure suka yi zuƙar farko, da izinin uba. Masana sun daɗe suna cewa ɗan da ya tashi a gidan da ake sha ya fi saurin farawa, kuma akasarin masu sha tun suna samari suka kama.

A Najeriya, dokar taba da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai, sai dai kwali. Ku ma a Nijar kuna da taku dokar tun 2006. Amma mu je tasha ko bakin kasuwa mu ga ko akwai mai teburin da ke tambayar yaro shekarunsa. Tun da doka ba ta iso zaure ba, sai uba ya zama shi ne dokar. Bulala ba za ta raba shi da ita ba, koya masa ɓuya kawai za ta yi. Ka zaunar da shi ku biyu, ka gaya masa yadda ka fara, da sau nawa ka so bari ka kasa, da abin da take ci maka a wata. In kana da ƙarfin hali ka ce masa, "Zo mu bari tare." Daga yau kuma aiken sigari ya ƙare.

Wata ƙanwarmu daga Gombe ta ce saurayinta mutumin kirki ne, yana da sana'a, ba ya wasa da salla, amma da kawunnanta suka je bincike aka ce yana shan sigari, shi ke nan aka ce a mayar da kaya. Ta ce wai duk mai shan sigari ɗan iska ne?

A'a, ƙanwata. Akwai masu sha da suka fi ni da ke riƙon amana. Matsalar ita ce a wurinmu an zuba sigari da wiwi da ƙwaya a buhu ɗaya an rubuta "shaye-shaye", shi ya sa iyaye ke firgita. Kuma ba za ka ga laifinsu gaba ɗaya ba, don sau da yawa ta ƙofar sigari ake shiga sauran. Amma halin mutum daban, jarabar da ta kama shi daban. Binciken da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 10 cikin 100 na maza manya suna amfani da taba, mata kuwa kashi 1 da ɗan ɗoriya. Wato kusan namiji ɗaya cikin kowane goma, ba zai yiwu a ce duk 'yan iska ba ne.

Kuma laifi tudu ne. Kakar da ke cewa ba za a ba mashayi jikarta ba, ga ƙullin garin taba da kanwa a haɓar zaninta, tana dannawa a leɓe, ita ma taba ce, tana kuma jawo ciwon dajin baki. Sannan namiji in an kama shi sai a ce Allah ya shirya, mace kuwa in aka gan ta da kara ɗaya, magana ta bi ta ke nan har 'ya'yanta. Cutar dai ba ta tambayar mace ko namiji.

Amma ki saurara, ban ce ki bijire wa iyaye ba, kuma ban ce ki yarda da "zan daina bayan biki" ba. Wanda bai daina lokacin da yake neman ki ba, da wuya ya daina bayan an kai ki. In da gaske yake, ya bari yanzu, a ga wata shida, sannan manyansa su koma wurin kawunnanki.

To, ga ta nan kuma. Daga Zariya, daga Damagaram, daga Jos, duk tambaya ɗaya: sigari haram ne ko makaruhi? Jama'a, don Allah, kusan duk wata sai na amsa wannan. Ni ba malami ba ne. Tun zuwan taba ƙasashenmu malamai suke saɓani. Ahmad Baba na Timbuktu, a farkon ƙarni na 17, yana cikin waɗanda suka ga halaccinta, wasu suka ƙi. 'Yan Tijjaniyya sun daɗe da hana ta. Da likitoci suka tabbatar da cutarwarta, malamai da dama suka koma ga haramci, a shekarar 2000 ma Muftin Masar, Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawa a kan haka. Tana karya azumi, wannan kam ba gardama. Sauran ku tambayi limaminku, in ba kunyarsa kuke ji ba.

Wani daga Katsina ya ce kakansa ya sha lofe har ya shekara 90, ko ciwon kai bai yi ba. Ita ma wannan ba ta tsufa. Allah ya jiƙan kaka. Amma abokan kakan da suka tafi suna 'yan hamsin, jikokinsu ba su rubuto mini ba. A 1951 Richard Doll da Bradford Hill suka fara bin rayuwar likitocin Birtaniya, aka yi shekara 50 ana bi. Abin da aka gano, kusan rabin waɗanda suka zarce da sha taba ce ajalinsu, kuma a matsakaici mai sha yana asarar kimanin shekara 10. Rai na Allah ne, amma shi ya ce a kiyaye.

Wani bawan Allah daga Bauchi yana tambaya ko gaskiya ne taba tana rage ƙarfin namiji. Gaskiya ne, tana tsuke jijiyoyin jini. Yara na saurare, mu wuce.

Wata uwa daga Kaduna ta ce 'yarta ta ce shisha ba taba ba ce, ƙamshin tuffa ne kawai, ruwa kuma yana tace ta. Hajiya, taba ce aka yi wa turare. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi don a ja da yawa, ga gubar gawayi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zaman awa guda mutum yana iya shaƙar hayaƙin da ya kai na kara 100. Ga baki ɗaya ana zagayawa da shi, mai tarin fuka ya miƙa wa mai lafiya. Kenya da Ruwanda sun hana ta a 2017, Kamaru a 2022.

Wani ɗan zango daga Kumasi ya ce yana so ya bari, ya gwada ya kasa, yanzu kowa a gidan dariya yake yi masa. To, mutanen gida, ku nake fara yi wa faɗa. Nikotin da ke cikin taba cikin kimanin daƙiƙa 10 yake isa ƙwaƙwalwa, kamun da yake yi ba na wasa ba ne, kuma akasarin waɗanda suka bari sai da suka faɗi suka tashi. Mutum ya yi kwana biyar ya koma, sai a ce "da ma mun sani". Wannan ba taimako ba ne.

Kai kuma ɗan'uwa, ka tsayar da rana, ka gaya wa uwargida, ka fitar da kwali da ashana daga gidan. Makon farko ne mai wuya: faɗa, rashin barci, ciwon kai. Uwargida, a yi haƙuri da shi, zuwa wata guda abin zai lafa. In sha'awar ta taso, 'yan mintoci take yi ta wuce, ka sha ruwa, ka kama asuwaki, ka tashi daga wurin. Ka san lokutanka, bayan tuwo, ko wurin mai shayi, ko majalisar da kowa ke busawa, ka ƙaurace musu na ɗan lokaci. Akwai cingam da filasta na nikotin, ka tambayi likita. Ka tuna kuma a watan azumi daga asuba har magariba kake haƙura, sai ka ɗora daga nan. Shekara guda da bari, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi, wanda ya bari yana ɗan 40 kuwa yana ceto kusan 9 daga shekaru 10 ɗin nan.

Injiniyan shirinmu ya ɗaga mini yatsa, lokaci ya ƙure. Bari in tsinci ɗaya ta ƙarshe, daga Agadas: wai in an sha madara bayan sigari tana wanke huhu? Malam, madara ciki take tafiya, hayaƙi kuma huhu, ko a hanya ba sa haɗuwa. Ka sha madararka don daɗi.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai tambayar magani daga Sakkwato, ban manta da kai ba. A huta lafiya.