Taba da Nono: Darasi Ga Mai Jego da Maigidanta

 Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne a ƙasar Kafinsoli, na fi shekara 20 ina wannan aiki. Wanda ya iya karatu a gidan nan ya daure ya karanta wa saura wannan takarda, kaka da ungozoma su ma su matso kusa, gama maganar ta shafi kowa.

Abin da na gani da idona

Wata rana cikin hunturu wata mata ta zo daga wata rugar ƙauye ta wajen Kusada, goye da ɗanta ɗan wata 4. Yana tari, ƙirjinsa yana kuka, kunnensa guda yana zub da mugunya. Zuwanta na uku ke nan cikin wata biyu. Da na karɓe shi, sai na ji warin taba a jikin zanen goyon. Na ce, "Baiwar Allah, kina shan taba?" Ta rufe baki ta ce, "Haba Malam, ni?" Na ce, "To, wa ke sha?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Maigidan ne, in ya shigo ɗaki da dare." Ga sanyi, an rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma, ga kaskon wuta.

Na aika aka kira shi. Ya ce, "Likita, ai ban taɓa busa masa hayaƙi a fuska ba." Na ce, "Malam, ɗakin ne ya busa masa." Muka yi wa yaro magani, uban ya koma yana sha a bakin zaure, daga baya ya bari ɗungum. Ban sāke ganin yaron nan ba sai ranar allurar rigakafi, ya yi ɓulɓul.

Abin da ke cikin taba

A cikin ganyen taba akwai wani dafi da a ke kira nikotin. Shi ne ke kama mutum har ya kāsa bari. In an ƙona taba kuwa, hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa ba su sha, hayaƙin wasu kawai su ke shaƙa.

A shekarar 2012 an yi ƙidayar masu taba a Nijeriya. Aka tarar cikin maza 100, wajen 10 suna amfani da ita, cikin mata 100 kuwa wajen 1 ce. Watau a ƙauyukanmu ba safai a kan ga mai jego da sigari a baki ba. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Taba tana isa ga jinjiri ta hanya biyu: ta nono, da ta iska.

Hanya ta fari: nono

Abin da ya shiga jinin uwa yana iya shiga nononta. Nikotin yana shiga da sauri, har ya fi yawa a nono bisa ga yadda ya ke a jini. Ko sigari ce, ko lofe, ko shishar da 'yan zamani su ke zuƙa, ko taba gari da a ke dandaƙawa da kanwa a cusa a leɓe, ko wadda a ke shaƙawa a hanci, duk dafin ɗaya ne. Rashin hayaƙi bai raba taba da nikotin ba. Furen taba da a ke goga wa haƙora don ado shi ma daga itacen nan ya fito, ya kamata mai shayarwa ta ajiye shi.

Ga abin da dafin nan ya ke yi:

Yana rage ruwan nono. Uwa ta ga ɗanta ba ya ƙoshi, sai ta soma ɗura masa ruwa ko koko tun lokaci bai yi ba, daga nan sai zawo.

Yana sāke ɗanɗanon nono, ya sa masa warin taba, har wani jinjirin ya riƙa kau da kai.

Yana hana barci. A shekarar 2007 wasu masana a birnin Filadelfiya ta Amurka sun gwada mata 15 masu shan sigari. Ranar da ba su sha ba kafin su ba da nono, jariransu sun yi barcin kamar minti 84 cikin sa'a uku da rabi. Ranar da suka sha, barcin bai wuce kamar minti 53 ba. Jinjirin da bai sami barci ba kuka zai yi ta yi, a ce maita ce ko iska, alhali kuwa abin yana ƙulle a bakin zane.

Hanya ta biyu: iska

Wannan ita ce ta fi yawa a wurinmu, kuma maigida, maganar taka ce. Babban mutum yana numfashi kamar sau 12 zuwa 20 cikin minti guda. Sabon jinjiri yana yin sau 30 zuwa 60, ga huhunsa bai yi ƙwari ba, ga shi ba shi da ƙafar fita waje. Yaron da ke kwana cikin hayaƙin taba ya fi saurin kamuwa da ciwon haƙarƙari, watau nimoniya, da ciwon kunne, da fuka. Akwai kuma mutuwar farat ɗaya, wadda a kan kwantar da jinjiri lafiya lau a wayi gari ya cika. Likitoci sun tabbatar wannan ta fi aukuwa a gidan da a ke shan taba, balle in mai shan yana kwana shimfiɗa ɗaya da jinjirin.

Ku sani kuma, hayaƙi ba ya ƙarewa don an kashe sigari. Yana maƙalewa a riga, da gemu, da katifa, da gidan sauro. Buɗe taga kaɗai ba ya isa.

Kada a yaye yaro saboda taba

A nan ne wasu su ke kuskure. Uwar da ta kāsa barin taba kada ta hana ɗanta nono. Nono ko da na mai shan taba ne ya fi madarar gwangwani, domin yana ɗauke da kariya daga zawo da ciwon ƙirji, madara kuwa a kan dama ta da ruwan rijiya a kwalbar da ba ta tsarkaka ba. Ƙa'ida dai tana nan: a sa jinjiri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, kada a zub da dakashi, a ba shi nono zalla wata 6 ba ko ruwa, sa'an nan a haɗa da abinci har shekara 2. Taba ce za a yaye, ba yaro ba.

Abin da za ku yi

1. Mai ciki da mai shayarwa su bar taba kowace iri.

2. Wadda ba ta iya bari yau ba, ta rage. Ta fara ba da nono tukuna, kāna ta taɓa taba, ta bari wajen sa'a 2 su wuce kafin ta sāke ba shi, gama cikin wannan lokaci dafin ya kan ragu da kamar rabi. Amma in yaro ya ji yunwa kafin nan, a ba shi.

3. Kada kowa ya kunna taba a ɗakin mai jego, ko miji ne, ko suruki, ko baƙon da ya zo barka. Ranar suna ma haka.

4. Wanda ya sha a waje ya wanke hannu da baki da sabulu, ya tuɓe rigar sama, kafin ya ɗauki jinjiri.

5. In uwa ko uba yana sha, a yi wa jinjiri tasa shimfiɗa kusa da uwarsa, a kwantar da shi rigingine, cikin gidan sauro.

6. Hayaƙin itace shi ma abokin gāba ne. Kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki, kada a tsaya hura wuta da goyo a baya in akwai mai riƙe shi.

7. A ɗora garin taba da guntayen sigari inda mai rarrafe ba zai kai ba. Yaro ya haɗiye su, guba ce, a garzaya asibiti.

Lokacin da za a ruga asibiti

Ku buɗe rigar jinjiri sa'ad da ya ke kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa minti guda cur. In bai kai wata 2 ba kuka sami 60 ko fiye, ko kuwa yana tsakanin wata 2 da shekara guda kuka sami 50 ko fiye, ku kai shi ɗakin shan magani a ranar. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko ya ƙi kama nono, ko yana shiɗewa, ko ba ya farkawa sosai, kada ku jira gari ya waye, ku nufi Babban Asibitin Kankiya.

Kalma ga maigida

Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar taba a shekarar 2015, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Amma doka ba ta shiga ɗakin matarka, kai ne mai doka a can. Yi lissafi: kara 5 kullum, kara 150 ke nan a wata, 1,825 a shekara, ya haura kwali 90. Juya kuɗin nan zuwa wake da ƙwai da man gyaɗa don mai jego. Sa ranar bari, ka gaya wa aminanka. Kwanakin farko za ka ji ƙunci da ciwon kai, amma cikin 'yan makonni abin zai lafa. In ka zame, sāke ɗaura aniya, ka zo mu yi shawara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Ta hanya nawa taba ke isa ga jinjiri?

2. Uwar da ta kāsa barin taba, ta yaye ɗanta ko ta ci gaba da ba shi nono?

3. Numfashi nawa ne ya yi yawa ga ɗan wata 4?

4. A gidanku, wa ke shan taba, kuma a ina ya ke sha?

Allah ya raya mana zuriyarmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.