Yadda Ake Tara Kuɗi Don Binciken Cutar Daji a Jami'a

Kafin a nemi sisin kowa, a fara da zaɓen aiki guda ɗaya, domin kuɗin da aka tara da sunan "yaƙi da cutar daji" kawai da wuya a gano inda suka shiga. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta 'yan kasuwa ta tura wakilai sashen masu cutar daji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, su tambayi likitoci wane bincike ne rashin kuɗi ya tsayar. Mai yiwuwa abin da ake buƙata firiza ce ta ajiye samfurin nama, da sola da za ta riƙe ta idan an ɗauke wuta. A tabbatar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince da aikin. Daga nan sai yarjejeniya a rubuce: kuɗi su shiga asusun hukuma, ba na wani farfesa ba komai mutuncinsa, kuma a riƙa kawo rahoto duk wata shida.

Sai kuma ranar ƙaddamar da gidauniya. A nan akwai abin koyi a gangamin hawan keke na Pelotonia da ake yi a jihar Ohio ta Amurka tun 2009: kamfanoni ke ɗaukar ɗawainiyar shirye-shirye, abin da mahaya suka tara kuwa ya tafi kacokan ga bincike a Jami'ar Jihar Ohio. Saboda haka a samu wani attajiri ya biya kuɗin rumfa da kujeru da lasifika. Alƙawarin bakin lasifika kuma an san halinsa. A karɓi kuɗi nan take, a ba da rasidi.

Wani zai ce, ga marasa lafiya kwance ba su da kuɗin magani, ina zancen bincike? Maganarsa na da nauyi. Amma a Najeriya sama da mutum 120,000 ke kamuwa da cutar daji kowace shekara, akasarinsu ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa, kuma bincike ne zai nuna inda jinkirin yake da yadda za a tare shi. Ba dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Zakka tana da mutanenta takwas, majinyaci matalauci na cikinsu. Sadaka da waƙafi su tafi ɗakin bincike. Ku kai maganar taron ƙungiyarku na gaba, ku naɗa mutum uku da za su je asibitin.