Fuskar Mutane Aro Ce

Ɗiyata, mahaifiyarki ta biyo ta gida jiya bayan magariba. Ta ce kin kwashe kuɗin adashinki kin sayi kamara, kuma kin ƙudura sai kin yi fim. Ta zo ne don in hana ki. Na ce mata ba ni da bakin hana mutum hanyar da ni kaina na bi fiye da shekara 40, amma zan nuna miki inda ƙaya take. Magana a baki iska ke kwashe ta, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mai yin fim don kansa ba shi da abin da ya mallaka sai idonsa da kunnensa. Gidan da za ki ɗauka na wani ne. Fuskar da za ta cika allo ta wata ce, muryar ta wani ce, yinin da za a ɓata ana jiran ki gyara haske na mutane ne masu neman abin sawa a baka. Har wutar da za ki jona fitila, daga shagon maƙwabci za a jawo ta. Duk aro ne. Ma'aikacin Télé Sahel idan ya shiga unguwa, hukuma na tsaye a bayansa. Ke babu kowa a bayanki sai sunanki da na gidanku. Kuma nan Kalley ne, tsakiyar Yamai, inda wanda kika ɗauka yau shi za ki tarar gobe a bakin Babbar Kasuwa, jibi ku haɗu wajen suna ko gaisuwar rasuwa. Ba ki da inda za ki ɓuya masa.

Ki san gidan da kika shigo, wato sinimar Nijar, don ba ƙaramin gida ba ne. Oumarou Ganda ɗan garin nan ne, an haife shi a 1935. Ya yi sojan Faransa a yaƙin Indochine yana saurayi, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, can ya haɗu da Jean Rouch ya fito a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Da ya dawo gida bai tsaya a gaban kamara ba, ya koma bayanta, ya ba da labarin tsohon soja da bakinsa, da Zabarmanci, a Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969. A 1972, lokacin da bikin fina-finai na FESPACO ya fara ba da babbar kyautarsa a Wagadugu, Le Wazzou polygame nasa ne ya ɗauke ta. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981. Mu da muka taso a lokacin, mun ɗauka haka abin zai ɗore.

Amma sunan da nake so ki riƙe shi ne na Zalika Souley. Tun a 1966 ta fito a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, ta yi fina-finan Ganda, ta zama fuskar sinimar Nijar a waje. Sau da yawa ana ba ta matsayin muguwar mace ko mai zafin kishi, kuma ta iya, har ta iya da yawa. Mutanen gari ba su raba wasa da gaskiya ba. Abin da ta yi a allo shi suka ɗora mata a titi. Masu fim suka karɓi tafi a ƙasashen duniya, ita ta kwana da bakin mutane. Daga baya, da harkar ta mutu, rayuwa ta yi mata tsanani har ta tafi Amurka neman abin kai. Rahmatou Keïta ta yi fim a kanta, Al'lèèssi, ki nemo shi ki kalla kafin ki sa kowace mace a gaban kamararki. Zalika ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta.

Na san wannan labarin sarai, amma bai hana ni aikata irinsa ba. A fim ɗina na biyu ina neman wadda za ta fito a matsayin uwar miji mai takura wa suruka. Na samu wata baiwar Allah a bayan gidanmu, mai tuyar ƙosai, mai fara'a da kaifin baki. Na ce mata wasa ne kawai, kwana uku za mu yi. Ban zauna na karanta mata labarin daga farko zuwa ƙarshe ba, don ina tsoron kada ta ƙi. Ban je na gaida mijinta ba, ban tambayi 'ya'yanta ba. Ta yi aikin da kyau. Da aka nuna fim ɗin, yara suka riƙa kiran ta da sunan da ta ɗauka a ciki, ciniki ya ja baya, har maganar auren ɗanta ta so ta lalace, don dangin yarinyar sun ce sun ga halin uwarsa. Ta same ni a ƙofar gida ba ta ɗaga murya ba. Ta ce na ari fuskarta na mayar mata da wata daban. Na ba ta haƙuri, na je gidan dangin yarinyar da ƙafata na yi musu bayani, aka ɗaura auren. Ta yafe mini kafin ta rasu. Har yau idan na bi ta wannan lungun sai na ji nauyi a ƙirjina.

To ke kada ki yi haka. Duk wanda zai fito, ki zauna da shi ki gaya masa labarin duka, da harshen da yake mafarki da shi, Hausa ko Zabarmanci. Ki gaya masa abin zai shiga wayoyin mutane, kuma abin da ya shiga waya ba ya fita. A zamaninmu fim yakan yi mako guda a sinima ya wuce, yanzu minti ɗaya da aka yanko zai iya bin mutum har jikokinsa. Idan matar aure ce ko budurwa, ki je gidansu da rana, ki gaisa da manya. Idan unguwa za ki ɗauka, ki fara da mai unguwa da liman, sannan samarin fada, don su ne za su tsare miki hanya ko su hana ki sakat. Wanda ya ce a'a, ki yi masa godiya ki wuce. Kada ki ɗauke shi a ɓoye daga nesa.

Sai kuɗi. Ki faɗi abin da za ki iya biya tun kafin a kunna kamara, ko jikka 2 ce a yini, ki rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Kada ki ce wa mutum idan fim ya sayu za ki sallame shi, alhali ke kanki ba ki san ranar ba. Abin da ya fi raba ni da abokan aiki ba rashin kuɗi ba ne, alkawarin baka ne da kowa ya fahimta yadda ya so. Kuma kowace rana, kafin komai, ki tanadi abinci da ruwan sanyi da kuɗin taksi na komawa gida. Mai riƙe sandar makirfo da ya yini da yunwa, hannunsa zai yi rawa, kuma za ki ji rawar a cikin sautin.

Tunda na ambaci sauti, bari in tsaya a kansa, don nan matasa ke faɗuwa. Mai kallo yakan yafe hoto mai duhu, amma ba ya yafe maganar da bai ji ba. Kalley kuwa ba ta yin shiru: keken tela, injin markaɗe, babura, janareto idan an ɗauke wuta, masu talla. Kafin ki zaɓi gida, ki je ki zauna a tsakar gidan a daidai lokacin da za ki yi aiki, ki rufe ido ki saurara. Ki tsara yininki da lokutan salla, idan an kira a ajiye kaya a tafi masallaci, ba a gardama da ladan. Haske mai kyau daga hantsi ne zuwa wajen ƙarfe 10, sai kuma bayan la'asar. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kamara kan ɗauki zafi ta mutu a hannunki, mutane ma haka. Lokacin hazo kuma ƙura na shiga ko'ina, ki naɗe kayanki a zane kamar jariri.

Mu da fim na milimita 16 muka koya. Gammo ɗaya mai mita 120 minti 11 yake ɗauka, kuma sai an aika shi Faransa a wanke kafin ka ga abin da ka yi, wani lokaci bayan watanni. Wannan ya koya mana yin tunani kafin danna maɓalli. Ku yanzu kati ɗaya na cin sa'o'i, sai a yi ta ɗauka da fatan za a tsinci fim a ciki wajen haɗawa. Ba a tsinta. Ki yi kamar kowane minti da kuɗinki kike saye, don lokacin mutanen da ke tsaye a rana suna jiran ki ne kike kashewa.

Kada kuma ki zauna jiran manyan kayan aiki. Moustapha Alassane makanike ne tun farko. Da hannunsa ya zana kwaɗin Bon voyage Sim a 1966, hoto bayan hoto, ya kuma ƙare rayuwarsa yana aiki daga Tawa, nesa da manyan birane, har Allah ya ɗauke shi a 2015. Djingarey Maïga ya yi shekaru yana harhaɗa fim ɗaya bayan ɗaya da abin da ya samu. Sani Magori ya tafi garinsu Galmi ya sami labari a gonar albasa. Wayar da ke hannunki ta fi abin da da yawansu suka fara da shi.

Wata rana masu ba da tallafi daga waje za su neme ki, ko ke ki neme su. Ba haramun ba ne, kusan duk fim ɗin ƙasar nan da ya yi nisa da irin wannan kuɗin aka gama shi. Sai dai ki karanta kowace takarda sau biyu, ki kai wa wanda ya san doka ya duba miki shekara nawa aka ɗauki hakkin fim ɗin, kuma a waɗanne ƙasashe. Ni na taɓa sa hannu cikin ɗoki a kan takardar da ban gama fahimta ba. Fim ɗina na farko yau ba ni da ikon nuna shi sai da izinin wasu, asalin gammonsa ma yana can wata ƙasa. Mutanen da suka fito a ciki rabinsu sun rasu, 'ya'yansu na tambaya ta su ga iyayensu suna motsi suna magana, ba ni da abin ba su. Naki aikin ki ajiye shi wuri uku, ɗaya a gidan da ba naki ba. Idan kuma mai kuɗi ya ce ki ƙara talauci ko kuka a labarin don ya fi shiga ran mutanensu, ki tuna waɗanda za ki haɗu da su a kasuwa.

Mahaifiyarki tsoron bakin duniya take yi, kuma ba ta yi laifi ba. Na ba ta labarin Aïcha Macky ta Damagaram, wadda ta ɗauki maganar rashin haihuwa, abin da mata ke ɓoyewa a ɗaki, ta yi L'Arbre sans fruit a 2016, ta fara da kanta kafin ta nemi wata ta buɗe cikinta. Mahaifiyarki ta ɗan sassauta. Sauran ke za ki ƙarasa da halinki: ki riƙa gaya mata inda za ki, da wa, da lokacin dawowa. Ki kuma riƙe wata sana'a a gefe, ko ɗaukar biki ce, don fim ba ya ciyar da gida kowane wata. Ni akwai shekarun da na fifita aikin a kan iyalina, yarana suka girma ina yawon neman kuɗin gama fim, kuma wannan lokacin ba ya dawowa.

Gidajen sinimar da muka sani a Yamai, irin su Vox da Zabarkan, sun daina aiki tuntuni. Amma farin zane da bango ba su ƙare ba. Idan kin gama fim ɗin, kafin ki tura shi Wagadugu ko wani wuri, ki kafa zane a unguwar da kika ɗauka, ki aro tabarmi da benci, ki sa waɗanda suka fito a sahun gaba. Ke ki tsaya a gefe ki kalli fuskokinsu. Idan wani ya sunkuyar da kai, ki bi shi gida washegari ki ji dalili, tun akwai damar gyara.

Ki zo ran Juma'a bayan la'asar da labarin da kika rubuta, ki karanta mini shi da baki. Idan mun gama sai mu taka tare zuwa gidan da kike son ɗauka, na san maigidan tun muna yara, in gabatar da ke.