Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Manhaja a Sabuwar Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai, wannan ɗan darasi ya samo asali ne daga wata matsala da na ci karo da ita. Malaminmu ya ba ni wani tsohon faifai mai ɗauke da kalmomin Hausa da ya daɗe yana tattarawa, amma kwamfutata ta ƙi buɗe manhajar da ke ciki. Dalili kuwa, manhajar mai bit 16 ce, Windows mai bit 64 kuma ba ya karɓar irinta.

Abin da ya fisshe ni shi ne VirtualBox, wadda aka fara rabawa kyauta a 2007. Aikinta shi ne ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske. Na ware wa ta kwaikwayon megabait 512 na ƙwaƙwalwa, na saka mata Windows XP mai bit 32, sannan na haɗa faifan. Nan take kalmomin suka bayyana.

Sai dai a kula, Microsoft ya daina tallafa wa XP tun 2014, don haka kada a haɗa shi da intanet. Haka kuma, da zarar aikin ya buɗe, a mayar da shi tsarin Unicode domin ɓ, ɗ da ƙ su fito daidai a kowace na'ura. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.